Kwalbar Jinin Inna

Ni ne ɗan farin Inna, kuma a wajenmu wannan magana ce mai nauyi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama inda yake zaune, ba ta kai loma baki yana kallo. A wasu gidaje abin ya yi sauƙi yanzu, har ka ga uwa da ɗan farinta suna hira a waya. Inna kam ta riƙe nata da hannu biyu. Ana yaye ni aka kai ni Tambuwal wurin Goggo, yayar mahaifina, a can na yi makaranta, a can na girma. Idan na je Fakku hutu sai in durƙusa a ƙofar ɗakin Inna in gaishe ta, ita kuma ta amsa wa duk wanda ke kusa da ita: "A ce mai sannu da hanya." In babu kowa, ta amsa wa bango. Ina yaro abin yana ba ni haushi ƙwarai. Da na girma sai na saba, har nakan tsokani ƙannena in ce ni kaɗai Inna ke ganin girmana a gidan.

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne, a wani babban asibiti a Sakkwato. A shekarar da nake ba da labari, wata likitar zuciya ta sa ni cikin wani bincike da take yi. Zuciya tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da ita jini, kuma idan maiƙo ya taru ya ƙuntata su, naman zuciyar yakan shiga wahala tun kafin mutum ya kai ga faɗuwa. Abin da likitar ke bi shi ne wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da naman zuciya ke saki cikin jini idan ya matsu. A ɗakin gwaji maikuro-RNA muke ce musu. Ido ba ya ganinsu, sai dai inji ya auna yawansu. Fatan shi ne wata rana a ɗebi jinin mutum kaɗan a gane ko zuciyarsa ta fara gajiya, da yadda ƙarfin bugunta ya ragu. Ba a kai can ba tukuna, har yanzu ana kan bincike. Nawa aikin shi ne in karɓi jinin marasa lafiyar da suka amince, in juya shi a inji har ruwansa ya rabu, in kai firiza kafin ya lalace.

Saboda wannan aiki na yi ta zama gefen likitar tana yi wa masu ciwon zuciya tambayoyi, har na haddace yadda ciwon ke sallama. Na san cewa ga mata sau da yawa ba ya bugo ƙirji kai tsaye. Yakan bi ta kafaɗa ko muƙamuƙi, wani lokaci ma gajiya ce kawai da haki. Na sha gaya wa 'ya'yan wasu matan haka, ina yi musu faɗa don sun kawo su a makare.

Cikin damina autarmu ta yi haihuwar fari a gida, gaban Inna. Na ɗauki shatar mota daga Tambuwal don in halarci suna, da wani dattijon direba da na sani tun ina makaranta, mutum mai surutu da cin goro. Mun isa Fakku da hantsi, an riga an raɗa suna, maza suna zaune a zaure ana raba goro. Na zauna inda nake hango tsakar gida ta ƙofa.

Daga nan na ga Inna ta fito daga madafa da ƙwaryar fura a hannu. Tsakar gidanmu ba wani faɗi gare ta ba, amma kafin ta kai tsakiya sai ta tsaya. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta dafa rumbu, baki a buɗe tana neman iska. An yi ruwa da asuba, gari da sanyi, ita kuwa zufa ce ke zuba a goshinta. Mayafinta ya zame, sai na ga sabon tabon ƙaho jere a kafaɗarta ta hagu, kumatunta na wannan gefen kuma a kumbure. Ta ɗan jima a haka, sannan ta gyara mayafi, ta ɗauki ƙwaryar ta wuce kamar ba abin da ya faru. Goron da ke bakina ya koma kamar ƙasa.

Na tashi na nufi ɗakin auta. Tana zaune bakin gado an sha ado, jariri na hannun wata mata, ita kuma ta kawar da kai daga gare shi kamar ba ita ta haife shi ba. Tun yanzu an fara kunyar ɗan fari. Na tsaya daga ƙofa na yafito ta, ta taso a hankali.

"Mi ka damun Inna?" na ce.

"Ba komi, Yaya. Ƙwarnafi na. Tana jiƙa kanwa tana sha."

"Ƙahon fa?"

"Kafaɗa ka yi mata ciwo, anka kira wanzami yac cire mataccen jini."

"Kumatun fa?"

"Haƙori anka cire mata ran kasuwa. Muƙamuƙinta ka riƙewa, anka ce haƙori na."

"Da anka cire, ciwon ya bari?"

Ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, murya ta fara tashi.

"Bai bari ba," ta ce. "Tun girbin bara ta bar daka. In ta ɗaga taɓarya sai ta zauna. Yau kam tun asuba ciwon bai sake ta ba, har ta yi amai bayan ɗaki."

"Tun girbin bara. Duk gidan ga ba mai waya kenan."

"Yaya, kai fa ɗan fari na. Wa ka ɗaukar zancen jikin Inna shi kai maka? Ita da kanta tac ce kada wanda ya kuskura."

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani, amma ranar nan abin da na ji ya wuce fushi. An kira wanzami, an kira mai cire haƙori, an sha kanwa har an gaji, kuma mutum ɗaya a dangin nan da zai ji waɗannan alamu ya gane su shi ne aka ɓoye wa. Ba don ƙiyayya ba, don ladabi. Har yau in na tuna haƙorin nan mai lafiya da aka fizge mata a kasuwa sai raina ya ɓaci.

Na fita bayan masallaci, inda waya ke kamawa in mutum ya hau tudu, na kira likitar. Ban gama lissafa mata ba ta katse ni. Ta ce in taho da ita yanzu, kada a bar ta ta yi tafiyar ƙasa, in nemi asfirin ta tauna tun a hanya, kuma in tsaya asibitin farko da na samu a duba ta. Na ɗaga kai na ga gabas ta fara haɗa hadari. Hanyarmu kuma a shekarun nan ba mai son la'asar ta same shi a kanta, saboda 'yan bindiga.

Na aika auta ta gaya wa Inna. Ta dawo da amsa: "Ta ce a ce maka akwai baƙi ga gida. In an watse, jibi ko gata, sai a gani."

Ban san lokacin da na tsallaka tsakar gidan ba. Inna tana zaune kan kujera 'yar tsugunno a cikin manyan mata, ana ta rabon tuwon suna. Na ratsa su na tsugunna daidai gabanta, kusa har gwiwata na taɓa bakin zaninta, na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Inna, ki tashi mu tafi asibiti."

Ludayin da ake kwasar miya ya tsaya cak. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce, "Kai ɗan ga, ina kunyarka?"

"Na baro ta Sakkwato, Kaka. Nan zan zauna in yi ta magana da ita gaban kowa har ta tashi." Na juya ga mayafin. "Inna, ciwon ga ba haƙori na ba, ba ƙwarnafi na ba. Zuciyarki ta. In kina so in faɗi sauran gaban mutane, in faɗa. Ƙirjinki..."

Ta miƙe tun ban ƙarasa ba. Ta ce wa tsohuwar, "A ɗauko man buta da zane. Shi tafi da ni kafin shi ƙarasa kashe ni da kunya."

Na san na tozarta ta a ranar farin cikinta, kuma na ji zafin hakan har cikin raina. Amma ta tashi, abin da nake nema kenan.

Sai ga wata matsalar. Auta na jego ba ta fita, sauran mata na fama da baƙi, ni kuma na ƙi jiran kowa ya shirya kaya. Aka tsayar cewa Goggo za ta karɓi jinya in mun kai Tambuwal. Daga Fakku zuwa can kenan daga ni sai Inna sai direba. Ta shiga baya ta zauna daidai bayan kujerata, inda ba za ta ga fuskata ba.

A garin Kebbe na sauka da gudu na sayi asfirin a kemis. Na ba direba, direba ya miƙa baya.

"Inna, an ce ki tauna, kada ki haɗiye," in ji direba.

"An ji," ta ce.

Haka muka ci gaba, komai sai ya bi ta bakin direba. In ce ya tambaye ta ko ciwon ya sauko hannu, ya maimaita kamar ba a mota ɗaya muke ba, ita kuma ta ce ya ce min motar na gudu da yawa. In ce ya tambaye ta numfashi, ta ce ya tambaye ni ko an ba shi tuwon suna kafin a taso shi. Direba abin ya zame masa nishaɗi, har yana ƙara nasa gishirin. Ni kuwa ji nake kamar in karɓi sitiyarin.

Ba mu yi nisa da Kebbe ba ruwa ya sauko, irin mai ƙarfin nan da ba ka ganin gabanka. A wata fadama da hanya ta ratsa, motar ta zame ta nutse cikin laka har gindin ƙofa. Direba ya taka, taya ta yi ta juyi a banza tana watsa taɓo. Muka fita muka tura, ko motsi. Ya hango wata ruga can nesa bayan gonakin dawa, ya ce bari ya je ya roƙi mutane. Ya naɗe wando ya shiga ruwa. Na koma mota na rufe ƙofa, sai a lokacin na lura cewa tun da nake a duniya ban taɓa zama ni da Inna mu kaɗai a wuri ɗaya ba.

Ruwa na dukan rufin mota, amma duk da haka ina jin numfashinta a bayana, gajere-gajere, da ɗan sauti a ƙarshen kowane ɗaya. Na saci kallonta ta madubin direba. Fuskarta ta yi fari-fari kamar an shafa toka, ta dunƙule hannu ta danna a tsakiyar ƙirji. Sai idona ya kai kan gefen mayafinta, na ga ɗan ƙulli irin wanda mata ke yi wa canji. Ban buƙaci a kwance shi ba, na san abin da ke ciki.

"Inna, ba ki tauna ba."

Ta ja mayafin ta rufe ƙullin. Na kusa daka mata tsawa, wallahi na kusa. Sai na gane ai ba taurin kai ba ne. Tauna fa aka ce, a mota ɗaya da ɗan farinta, yana jin motsin bakinta. Matar da ba ta taɓa kurɓar ruwa a gabana ba. Za ta iya mutuwa da maganin a ƙulle a mayafi, kuma a ganinta ta mutu da mutuncinta.

Na buɗe ƙofa na fita cikin ruwan. Na matsa baya na tsaya jikin tagarta, na juya mata baya, fuskata na kallon dawa. Na yi magana da ƙarfi, irin yadda ita take yi, kamar akwai wani a tsakaninmu.

"A ce wa Inna na fita. In ta tauna ta buga gilashi."

Na tsaya ina jira. Ruwa na shiga ta wuyan rigata yana gangarowa baya. Ba na jin komai daga cikin motar. In na waiwaya tana cikin taunawa, za ta bari, kuma ba za ta sake yarda da ni ba. In ban waiwaya ba kuma alhali ta kife a kujera, to na tsaya ina kallon dawa uwata na mutuwa a bayana. Na san abin da ake yi wa mutum in zuciyarsa ta tsaya, an koya mana a wurin aiki, na kuma san ba a jinkiri a kansa. Na yi ta cewa a raina, bari in ƙara kaɗan, bari in ƙara kaɗan. Wuyana har ya fara juyawa da kansa ina tsayar da shi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwar ba.

Sai na ji ƙwas a jikin gilashi, da zoben hannunta.

Na sauke ajiyar zuciya, hawaye suka zo min, ruwan sama ya rufa min asiri. Da na ga hanya ta samu sai na ƙi sakinta.

"A tambayi Inna, in ciwon ya kai hannun hagu ta sake bugawa."

Ta buga.

"In shina kamar an aza mata dutse ga ƙirji, ta buga."

Ta buga.

"In bai bari ta kwanta sai da matasai, ta buga."

Ta buga, wannan karon da sauri.

"In ta taɓa faɗuwa ba ta san inda take ba."

Shiru ya yi tsawo har na ɗauka amsar a'a ce. Can sai na ji bugun, a hankali. Wannan ko auta ba ta sani ba, daga baya na tambaye ta.

A haka direba ya dawo da makiyaya, manyan maza da sandunansu da malafuna, suka tarar da ni tsaye cikin ruwa ina yi wa gonar dawa tambayoyi. Suka sassaro rassa suka cusa ƙarƙashin taya, suka sa kafaɗa, motar ta fito tana kuka. Babbansu ya leƙa ya yi wa Inna sannu da Fulatanci, ya ce mana mu yi sauri kada mu tsaya ko'ina.

A Tambuwal muka ɗauki Goggo a ƙofar gida, ta riga ta ɗaure kayanta. Muka tsaya wani asibiti aka manna wa Inna wayoyi a ƙirji, inji ya zana layukan bugun zuciyarta. Wanda ya duba takardar ya dube ni, na dube shi, ba mu yi doguwar magana ba. Aka sa mata iskar oksijin, aka ba ta abin da ya samu, aka ce mu wuce Sakkwato. Labarin abin da na yi a gidan suna ya riga mu isowa ta waya, don haka tun daga Tambuwal har muka wuce Dogon Daji Goggo faɗa take yi min, wai ita ta raine ni, yanzu za a ce ita ce ba ta koya min kunya ba. Hannunta ɗaya yana riƙe da na Inna, kuma kowane ɗan lokaci sai ta katse faɗan ta ce min, "Tana numfashi," sannan ta ɗora daga inda ta tsaya.

Mun isa ana kiran magariba. Likitar na jiranmu, aka shiga da Inna, aka ja labule. Daga nan wurina ya zama bayan labulen nan. In ina ciki Inna ba ta buɗe baki, in na koma baya sai ta yi wa likitar bayani tiryan-tiryan, ta san sarai ina ji.

Washegari aka yi mata hoton zuciya. Likitar ta kira ni gefe ta nuna min a allon injin. Na sha ganin irin hoton nan na mutanen da ban sani ba. Zuciya mai lafiya matsewa take yi gaba ɗaya ta saki. Ta Inna gefe ɗaya na aiki, ɗayan kuwa da ƙyar yake motsi, ana jan sa kawai.

"Wannan ba na jiya kaɗai ba ne," in ji likitar. "Akwai tsohon rauni, na jiya ya hau kansa. Abin da ya mutu ba ya dawowa. Za mu lallaɓa sauran da magani."

Na tambaye ta da an kawo ta tun bara fa. Ta dube ni ta ce in bar wannan tambayar, ba za ta amfane ni da komai ba. Na gane amsar. Na fita baranda na zauna, haushin kowa nake ji, har da na Inna.

Da ciwon ya ɗan lafa ranar nan, likitar ta zo wa Inna da maganar binciken, kamar yadda take zuwa wa kowane mai irin ciwonta. Goggo na zaune bakin gado, ni ina bayan labule. Likitar ta ce akwai wani jini kaɗan da take roƙo, ban da wanda aka ɗiba don magani. Ta ce wannan ba zai ƙara mata lafiya ba, ba zai canza maganinta ba, kuma in ta ƙi ba abin da zai ragu a kulawar da ake yi mata.

"Tau mi amfaninai?" in ji Inna.

"Don na bayanki ne, Inna. Zuciya in ta wahala tana sakin wasu 'yan abubuwa cikin jini. Muna so mu koyi gane su, don wata rana a kama ciwon da wuri, ko da mai shi bai faɗa ba."

Goggo ta yi dariya ta ce, "An samu maganin irinku. Jini kam bai da kunya."

Inna ba ta kula ta ba. Ta ce, "Ina za a kai shi?"

"Ɗakin gwaji, nan sama. Inda ɗanki yake aiki."

Na ce a raina shi kenan, magana ta mutu. Matar da ba ta yarda in ji taunarta ba, ina za ta yarda jininta ya shiga ɗakin da nake. Na ma fara jin haushin likitar da ta ambace ni.

"Shi wancan," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa, "ya iya aikin kuwa?"

"Ya iya, Inna. Ba ni da wanda na fi yarda da hannunsa."

Sai na ji ƙarar awarwaronta, alamar tana janye hannun riga.

"Tau ku cika kwalbag ga. Kada a kai mai ɗan kaɗan shi ji kunya cikin abokan aikinai."

Shekara da shekaru ina ɗauka ko sanin irin aikin da nake yi ba ta yi ba.

Bayan ɗan lokaci nas ta miƙo hannu ta gefen labule ta ba ni 'yar kwalbar, cike har wuya. Da ɗuminta. Na riƙe ta cikin tafin hannu na hau sama a hankali. Akwai ƙa'ida a binciken, likitar ta tuna min da ita tun da safe: ma'aikaci ba ya aiki a kan jinin danginsa. Ƙa'ida ce mai kyau, ni kaina na sha kare ta. Na kai ƙofar ɗakin gwaji na miƙa wa abokiyar aikina, ta karɓa ta shiga ta rufe. Na tsaya a waje ina jin injin ya tashi yana juyawa, ban bar wurin ba sai da ya tsaya.

Inna ta yi kwanaki aka sallame ta da magunguna, ta koma Fakku. Ta ga girbin shekarar daga kan tabarma, tana ba da umarni ana daka. Ba ta kai damina ta gaba ba. Ruwan jininta na nan a firiza tare da na sauran, ana jiran a gama tarawa a auna su gaba ɗaya, kuma ko an auna ba ni zan auna nata ba. Ban taɓa gaya mata haka ba.

Ana saura 'yan makonni ta rasu auta ta kira ni da rana ina wurin aiki. Ta hau tudun bayan masallaci ne ko wayar ce ta yi kirki ranar, ban sani ba, amma muryar ta fito sarai. Muka gaisa, ta ba ni labarin yaro ya fara zama. Sai ta ce Inna na kusa, ta ba da saƙo. Ina jin numfashin nan gajere-gajere a gefen wayar.

"Ta ce a tambaye ka, jinin nan da anka kai maka, ya isa aikin?"

Na juya wa abokan aikina baya.

"Ki ce mata ya isa," na ce. "Har ya yi saura."